Daga Dutsen Aburi Zuwa Bakin Tekun Keta: Yadda Muka Tsara Zagayen Kwana Shida da Mota

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi, unguwannin Accra a Ghana, ya san teku, ya kuma san dutsen Aburi daga nesa, musamman in an yi ruwa gari ya washe. Abin da yawancinmu ba mu cika yi ba shi ne haɗa su a tafiya ɗaya, mutum ya hau dutse da motarsa ya sauko ya bi gaɓar teku ya dawo gida ta wata hanyar daban. Zagayen da muka tsara, muka kuma bi, ya tashi daga Accra ya hau Aburi, ya gangara Atimpoku, ya wuce Ho da Amedzofe da Wli, sannan ya juyo kudu zuwa Denu, ya bi bakin ruwa ta Keta da Anloga, ya haye gadar Sogakope, ya leƙa Ada, ya shigo gida ta Tema. A lissafinmu ya kama tsakanin kilomita 700 zuwa 750, har da 'yan ratse-ratse. Mutum huɗu ne a ƙaramar mota ɗaya, kwana shida, kwanan hanya biyar.

Farkon abin da muka daina yi shi ne ƙidayar kilomita. Taswirar waya za ta ce maka daga nan zuwa can awa biyu ne, alhali ba ta san tudun rage gudu da ke bakin kowane ƙauye ba, ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta san tirelar siminti da za ta tsare maka hanya a kan hawa ba. Doka ta ba da kilomita 90 a awa a kan babbar hanya, 50 a cikin gari, 100 a kan titin Tema. Amma in ka raba tsawon tafiyar yini da awowin da ka yi a zaune a sitiyari, da wuya ka wuce 40 zuwa 45. Da wannan muka yi lissafi. Sai kuma hasken rana: a nan ƙasar gari yana wayewa wajen ƙarfe 6, rana ta faɗi wajen ƙarfe 6, shekara duka bambancin kaɗan ne, kuma magariba ba ta daɗewa, duhu yake rufewa nan da nan. Muka yanke cewa ƙarfe 5 na yamma ta same mu a masauki kowace rana. Hanyoyin dutse ba su da fitila, wasu wuraren ba su da shinge a bakin rami, ga masu babur da ba sa kunna wuta, ga motar da ta lalace aka jera mata ganye a kwalta maimakon alama. In ka cire lokacin salla da cin abinci da tsayawa kallo, abin da ya rage na tuƙi bai fi awa biyar zuwa shida ba. Ke nan kilomita 200 a yini ya riga ya yi yawa.

Abu na biyu, ta ina za a fara, dutse ko teku? Mun zaɓi dutse, kuma ina ganin shi ne daidai. Hawa da gangara su ne ke gwada birki da lagireto da kuloci, gara a yi su tun mota tana ɗauke da gyaran da aka yi mata, direba ma bai gaji ba. In wani abu zai nuna kansa, ya nuna a hawan Aburi, inda makanikenka na Madina ko Ashaiman zai iya iso ka cikin awa guda. Sannan iskar teku gishiri ce, tana cin ƙarfe. In teku ce ƙarshe, kana shigowa gari sai wajen wankin mota.

Lokacin shekara yana da nasa magana. Babbar damina a kudu daga Afrilu take zuwa Yuli, Yuni ne ƙarfinta. Ƙaramar kuma Satumba zuwa Nuwamba. A tsakiyar damina hanyoyin ƙasa da ke shiga ƙauyukan gindin dutse suna zama taɓo, hawan dutse da ƙafa kuma santsi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, kana tsaye a kan dutse ba ka ganin komai sai fari, ruwan da ke zubowa daga duwatsu ma ya ja baya. Mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: ciyawa kore, ruwa a cike, sama garau. Sai dai a lura da Asabar ɗin farko ta Nuwamba, ranar bikin Hogbetsotso na mutanen Anlo a Anloga. A wannan makon ɗakin kwana a Keta da kewaye sai wanda ya kama tun da wuri. Ada kuma nasu bikin, Asafotufiam, makon farko na Agusta ne. Akwai wani lissafin da mu Musulmi muka fi kowa sauƙin yi, wato kwanan wata. Teku ta fi cika ta fi tumbatsa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Muka duba kalandar Hijira muka sa ranar bin hanyar Denu zuwa Keta ta faɗo wajen bakwai ko takwas ga wata. Zan zo kan dalilin.

Mota muka kai wa makanike mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba, don in an canza wani abu a samu kwana biyu ana yawo da ita a gari a ji yadda take. Abin da muka ce ya duba da idonsa, muna tsaye: a cire tayoyin gaba a ga kaurin takalmin birki, in ya kusa milimita 3 a canza. Man birki, in ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, a zubar a sa sabo, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Dalili kuwa man birki yana shan raɓa daga iska, kuma Accra gari ne mai laima. Man da ya sha ruwa yana saurin tafasa. In ya tafasa a kan gangara sai ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Sai lagireto da tiyonsa na sama da na ƙasa, a matsa su da hannu, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a canza. A bar inji yana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta. Sai fambel, da baƙin mai, da waifa, da kan batir.

Taya tana buƙatar a tsaya a kanta, don yawancinmu tsohuwar taya ta waje muke saye. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida, ko da zanenta yana da kyau, robar ta bushe, zafin kwalta da nauyin mutum huɗu da kaya suna iya fasa ta. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a takardar da ke manne a ƙofar direba, a auna da safe taya tana sanyi. Kada a manta da safaya. Sau da yawa akan buɗe but a tarar ba iska a cikinta, ko jak ɗin ya cije, ko sifanar taya ba ta shiga notin. Makaniken ya ce mana, "Alhaji, ku kwance taya ɗaya a ƙofar gida da kayan da ke cikin motar, ku mayar. In ta kwantu a nan za ta kwantu a daji." Mun yi, kuma shawara ce da ta fi kuɗin da muka biya shi.

A but muka sa jarkar ruwa lita biyar don lagireto, lita ɗaya na baƙin mai, ƙaramar kwalbar man birki, igiyar ja, wayar tayar da batir, tocila, famfon taya mai aiki da wutar mota, da katako mai faɗi na ɗora jak a ƙasa mai laushi. Alamar tsayawa mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara dama doka ce, 'yan sandan hanya suna tambaya; a haɗa da akwatin magani. Takardu: lasin direba, takardar lafiyar mota ta DVLA (hukumar lasin direbobi da motoci), inshora, duk a duba kwanan ƙarewarsu. Kowa ya riƙe Ghana Card ɗinsa a aljihu, ba a cikin jakar da ke ƙarƙashin kaya ba. Yankin Volta bakin iyakar Togo ne, akwai shingayen jami'an shige da fice da na kwastan a wurare irin su Asikuma da Sogakope da Dabala, ana iya cewa kowa ya nuna shaida. Wanda yake baƙo daga Nijeriya ko Nijar ya ɗauki fasfonsa.

Mai kuwa, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a ƙaddara mata 10 saboda hawa da na'urar sanyi da nauyi. Lita 75 ke nan a zagayen duka. A ninka da farashin ranar, a ƙara kashi ɗaya cikin goma. Mukan cika tanki a manyan garuruwa kawai, Atimpoku, Ho, Hohoe, Denu, Sogakope, kuma ba ma barin allura ta sauka ƙasa da rabi kafin shiga dutse. A kan hawa mai tsayi, in mai ya yi ƙasa sosai, yana taruwa gefe ɗaya na tanki famfo ya ja iska, mota ta fara shiƙa a inda ba a so. Kuɗin tafiya mutum ɗaya muka damƙa wa, shi ke biya shi ke rubutawa. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, yana aiki kusan ko'ina, amma a kwarin dutse sabis yana ɗaukewa, don haka muka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban da kuma tsabar sidi ƙanana. A Wli da Denu waya tana iya tsallakawa ta kama layin Togo ba ka sani ba, kuɗinka ya tafi. A kashe yawon layi tun daga Hohoe. Taswira kuma a sauke ta cikin waya tun a gida.

Ranar farko gajera ce da gangan, kimanin kilomita 105. Bayan asuba aka sha koko da ƙosai a Madina, aka bi ta Adenta zuwa Ayi Mensah, inda hawan yake farawa. A guji safiyar Asabar da Lahadi, don masu motsa jiki suna cika gefen titin har Peduase. Hanyar tana da faɗi amma kwana ce a kan kwana, kuma duwatsu sukan gangaro bayan ruwan sama. Akwai inda in ka waiwaya za ka ga Accra shimfiɗe har Tema, teku tana ƙyalli a bayanta. A tsaya a inda aka tanada, ba a kan kwana ba. Lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890, ya isa a ba shi awa biyu. Layin dogayen bishiyoyin da ke bakin ƙofarsa kaɗai abin kallo ne. Gaba kaɗan a Mampong akwai gonar kokon Tetteh Quarshie, wanda ya kawo irin koko ƙasar a 1879. Daga nan Akropong, Adukrom, sai gangarar da ke sauka Somanya.

Wannan gangarar ita ce jarrabawar farko, kuma a nan ne mutane suke kuskure. Direban gari ya saba ɗora ƙafa a birki yana tafe. A doguwar gangara haka yana sa takalmin birki ya yi zafi har ya daina kamawa. Ƙa'idar ita ce giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Mai giyar hannu ya sa lamba biyu, mai otomatik ya ja zuwa 2 ko L tun kafin hancin mota ya sunkuya, ya bar inji ya riƙe ta ko da yana kuka. Birki a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, a sake takawa a saki. Ba a sa furi, ba a kashe inji don tsimin mai. In ka ji wari kamar na ƙonannen roba, ka nemi fili ka tsaya, ka sa dutse a bayan taya, ka ba shi minti ashirin zuwa talatin. Kada a watsa wa faifan birki ruwa, yana lanƙwashewa, daga baya sitiyari ya riƙa rawa duk lokacin da ka taka. Laraba da Asabar kasuwar Agomanya ke ci, inda ake sayar da duwatsun ado na Krobo, hanyar Somanya zuwa Kpong tana cushewa; ko dai a shiga kasuwar da niyya, ko a zaɓi wata rana. A Atimpoku muka kwana, kusa da gadar Adomi, mai bakan ƙarfe, wadda aka buɗe a 1957. Mata suna kawo abolo (turararren ƙullun masara) da soyayyun ƙananan kifi da jatan lande har tagar mota. Mai son ganin madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, sai ya nemi izini da ɗan jagora a ofishin VRA, hukumar da ke kula da madatsar, kuma ya je da rana tsaka ba da yamma ba.

Rana ta biyu aka haye gada, Juapong, Asikuma, aka karkata zuwa Ho, kimanin kilomita 70. A Ho muka yi azahar da la'asar a masallacin zango, muka ci abinci, muka yi guzuri. Wannan batu ne da ya kamata a tsara tun a gida. Daga Ho zuwa Hohoe ta cikin dutse ƙauyukan Ewe da Avatime ne, Musulmi kaɗan ne, naman da ka tabbatar da yankansa ba ko'ina ba. Zangon Ho da na Hohoe da yankin Denu da Aflao nan ne ake samun waake da tuwon zafi da tsire ba tare da tambaya ba. A sauran wurare kifi muka riƙe, da akple ko banku, irin tuwon masarar yankin, muna tambayar abin da aka sa a miyar. Garin rogo, sukari, gyaɗa, kifin gwangwani da burodi ba sa barin but. Tabarma da buta da jarkar alwala daban da ruwan sha. Tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suke ƙayyadewa, kuma ba inda muka yi niyyar zaman kwana huɗu, don haka ƙasaru muka yi tun da muka bar gari. Alƙibla a duk yankin gabas ce da ɗan karkata arewa.

Daga Ho zuwa Amedzofe bai wuce kilomita 35 ba, ta Dzolokpuita da Vane, amma a ba shi awa ɗaya da rabi. Daga Vane hanyar ta ƙuntata, hawan ya miƙe. A kashe na'urar sanyi, a buɗe gilashi, ido yana kan allurar zafi. In ta fara hawa, a tsaya a bar inji yana aiki a hankali fanka ta yi aikinta. In ta kai ja a kashe. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi, ruwan yana fitowa da ƙarfi ya ƙona fuska da hannu. A jira rabin awa, a sa tsumma. A kwanar da ba ka ganin gaba a yi hon. In kun haɗu da wata motar a inda ba ya ɗaukar biyu, mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya, don tayar da mota a tsakiyar hawa shi ke ƙona kuloci. Amedzofe ana lissafa shi gari mafi tsayi a Ghana, kusan mita 700, kuma da dare akwai sanyi na gaske, a ɗauki rigar sanyi. Da sassafe muka taka zuwa kan dutsen Gemi, inda gicciyen ƙarfe yake, tafiyar kusan rabin awa. Gajimare yana kwance a kwarin da ke ƙasa da ƙafarka, kan tsaunuka sun ɓullo ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya, can yamma kuma in hazo bai tare ba ana hango tafkin Volta kamar an shimfiɗa faranti. Saboda wannan safiyar kaɗai ya kamata a kwana a garin, kada a zo a juya.

Rana ta uku gangara ce daga Vane zuwa Fume, da lamba biyu har ƙasa. Mai yara ya ratsa Tafi Atome ya ga birai. Daga Golokwati hanya ta shiga Liati Wote, gindin dutsen Afadjato, wanda littattafan makaranta suke ba tsayin mita 885. Hawansa da ƙafa ne, awa ɗaya ko fiye, kuma a miƙe yake; kowa lita ɗaya da rabi na ruwa, takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Shawarata a zaɓi ɗaya a yini, ko Afadjato ko hawa zuwa ruwan Wli na sama (ruwa ne mai zubowa daga dutse, akwai na sama da na ƙasa). Wanda ya haɗa su, gobe ƙafarsa ba za ta iya taka kuloci ba. Ruwan Wli na ƙasa kuwa kowa zai iya, kimanin kilomita 20 daga Hohoe, sai tafiyar minti 45 a shimfiɗe cikin kurmi ana haye ƙananan gadoji. Kafin ka gan shi za ka ji rurinsa, sannan feshinsa ya jiƙa ka tun daga nesa, ga dubban jemagu maƙale a jikin dutsen. Waya a sa ta a leda.

Rana ta huɗu ita ce mai tsawo, wajen kilomita 240, daga Wli a koma Hohoe da Ho, a bi ta Kpetoe, garin masaƙan zanen kente, da Dzodze zuwa Denu. Ba a tsara kallon komai ba sai tuƙi, direba biyu suna karɓa-karɓa duk awa biyu, an tashi ƙarfe 6. A hankali duwatsu suke ja baya, kurmi ya koma fili, sai bishiyar kwakwa ta fara bayyana, iska ta canza wari. A Denu aka cika tanki, aka tambayi direbobin tasha halin hanyar Keta a wannan makon. Wannan tambayar wajibi ce.

Dalili shi ne hanyar tana bin wani siririn tudun yashi ne tsakanin teku da tafkin Keta, mafi girman irinsa a Ghana. In ka taso daga Denu teku tana hagunka, tafki yana damanka. Wajen Kedzi tudun ya tsuke har kana ganin ruwa biyu a lokaci ɗaya: a hagu igiyar ruwa tana dukan manyan duwatsun da aka jibge, farin kumfa yana tashi, a dama ruwa kwance lum kamar madubi, kwalekwale ɗaya da mai sanda a tsaye, fararen tsuntsaye suna tsinta a bakin taɓo. Duk zagayen ba inda ya kai nan kyau, kuma ba inda ya kai shi rauni. Teku tana cin wannan gaɓar shekara da shekaru. Aikin kare Keta da aka gama a 2004 ya tsare wani sashe, amma ƙauyuka irin su Agavedzi da Salakope da Amutinu sun sha ambaliyar teku a 'yan shekarun nan, gidaje sun tafi, ruwa da yashi sukan hau kwalta. Shi ya sa muka kauce wa tsayuwar wata da tsakiyarsa. In ka tarar ruwa ya rufe hanya, kada ka shiga. Ba ka san ko ƙasan kwaltar ya zaizaye ba, kuma ruwan gishiri in ya shiga wayoyi da birki, ɓarnar ba ranar take fitowa ba. A juya a bi babbar hanyar Aflao ta Akatsi zuwa Dabala, a shigo Keta ta Anloga. Kuma in an tsaya ɗaukar hoto a tuna kangon da ke bakin ruwan ɗakin wani ne. A yi sallama, a nemi izini.

A Keta a je Fort Prinzenstein, wanda mutanen Denmark suka gina a 1784 aka tsare bayi a ciki. Teku ta cinye babban ɓangarensa, abin da ya rage yana tsaye da ɗakunansa masu duhu. Ba wurin hayaniya ba ne. A Woe akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape St. Paul, ta 1901. Daga nan har Anloga gefen hanya fadamun ƙananan albasa ne, an ja kunya-kunya a kan farin yashi, an haƙa 'yan rijiyoyi a tsakani, manoma suna ɗiba da bokiti suna watsawa tun da asuba. Wanda ya san noman rani a arewa zai tsaya ya daɗe yana kallon yadda ake fitar da amfani daga rairayi da taki.

Abu biyu ke jawo matsala a bakin teku. Na farko shiga yashi da mota. Ƙasar tana kama da mai tauri, taya tana hawa sai ta nutse. A ajiye mota a kan kwalta ko inda aka ga sawun wasu motocin, a ƙarasa da ƙafa. In ta riga ta kafe, a daina ba ta wuta, don kowane juyi ƙara binne ta yake. A tone yashin gaban tayoyin, a rage musu iska zuwa kusan rabi, a shimfiɗa tabarmar ƙafa ko ganyen kwakwa, a fita a hankali da turi, sannan a mayar da iskar da famfon nan kafin a hau kwalta. Na biyu wanka. Tekun nan tana da ja ta ƙasa, tana ɗauke yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta tafi da kai. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, yaro kuma hannunsa a hannun babba. Ruwan kogi da na tafkin Volta inda yake kwance akwai tsargiya, ba a wanka a ciki. Sauron bakin tafki kuma ba ya wasa. Mun tambayi gidan sauro a kowane masauki kafin mu biya, mun kuma tafi da namu biyu.

Rana ta biyar daga Anloga zuwa Dabala, aka hau babbar hanya, aka haye doguwar gadar Sogakope, inda ake sayen burodin tsaraba. A Kasseh aka karkata hagu, kilomita 20 zuwa Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku. Ruwan da ka gani a ƙarƙashin gadar Adomi ranar farko, ga shi nan yana ƙarewa. Jirgin da zai kai ku bakin haɗuwar a yi cinikinsa a ƙasa, zuwa da dawowa da tsawon jira, a ƙirga rigunan ceto kafin a shiga, kowa da tasa, a kuma ce wa mai jirgi ya tsaya ta cikin kogi, kada ya kusanci inda ruwan biyu suke karo.

Komawa gida daga Ada kimanin kilomita 110 ne, ta Sege da Dawa, hanya miƙaƙƙiya mai sa gudu da gyangyaɗi, ga manyan motocin Aflao suna wuce juna. Cunkoson yana farawa daga Dawhenya zuwa Tema. Kada a sa dawowar ta faɗo yammacin Lahadi ko safiyar Litinin. Mu mun bar Ada ƙarfe 9 na safe a ranar aiki, muka shiga gari kafin azahar. Ba mu sauke kaya ba sai da muka biya wajen wanki aka ɗaga motar, aka wanke ƙarƙashinta da cikin tayoyi da ruwan famfo mai ƙarfi, aka busa matatar iska saboda yashi. Washegari makanike ya sake cire tayoyin gaba ya duba abin da gangarar Adukrom da ta Vane suka bari na takalmin birki.